Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Kwamishinonin Lafiya Na Jihohin Arewa: Ba Kowane Ciwon Ciki Ne Olsa Ba

Masu girma,

Na san teburinku cike yake da maganar zazzaɓin cizon sauro da kwalara da matan da ke rasuwa wajen haihuwa, kuma ban raina ko ɗaya ba. Sai dai abin da ya sami ƙanena ya hana ni yin shiru.

Matashi ne, tela. Ya daɗe yana fama da murɗar ciki da ke taso masa bayan ya ci abinci, ta yi tsanani, can kuma ta lafa kamar ba a yi ba. Duk inda muka je amsar ɗaya ce: olsa ce, in ba ita ba taifot. A rubuta farin maganin nan na kwalba, a ce ya bar yaji. Ranar da ciwon ya ƙi lafawa, ciki ya kumbura ya yi tauri, yana kwarara amai kore shar, ba bayan gida, ko iska ba ta fita, sai aka ɗaura masa ƙarin ruwa a wani babban asibiti aka ce a jira likita. Hoton eksire ya nuna hanji ya toshe. To me ya toshe shi? Na'urar CT da za ta faɗa, wai ta lalace, ana jiran injiniya. A baranda muka kwana muna buga waya neman rance. Sa'ad da aka shiga da shi tiyata, wani sashe na hanjin ya riga ya yi baƙi, sai yanke shi aka yi.

Likitan fiɗa ya ce ƙaba ce ta can cikin ciki. Mu ƙabar da muka sani mai bultsowa ce a mara ko cibiya, wadda ko ungozoma za ta gane. Wannan ba ta leƙowa waje. Hanji ne ke zurmawa cikin wani aljihu ko ɓula a tantanin da ke riƙe da shi, ya maƙale. Wasu da ramin ake haifarsu, galibi kusa da farkon ƙaramin hanji, kuma ta ɓangaren hagu ta fi yawa. Wasu tsohuwar tiyata ce ke bar musu shi. Tun 1857 likita Treitz ya yi bayaninta. Ba ta kai shida cikin ɗari na toshewar ƙaramin hanji ba, shi ya sa ba a kawo ta a rai. Amma da zarar ta shaƙe hanyar jini, awanni kaɗan hanji ke yi ya mutu.

Ban ga laifin matashin likitan da ke duba layin da ba ya ƙarewa ba. Laifin na masu son gini da yanka ƙyalle ne, waɗanda ba sa ware ko sisi don gyaran na'ura. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana a ƙi duba majinyacin gaggawa, amma har yau sai an ce je ka sayo safar hannu da zaren ɗinki kafin a taɓa mutum. Hukumar Lancet kan tiyata ta ce tun 2015 ya kamata mutum ya isa inda za a buɗe masa ciki cikin awa biyu. Wani lokaci nakan ga za mu iya. Wani lokaci kuwa, wallahi, dariya maganar ke ba ni.

Roƙona, ranku ya daɗe, ku sa kuɗin gyaran CT a kasafi da sunansa, ku tanadi likitan fiɗa da mai allurar barci da dare a manyan asibitoci. A tunatar da ma'aikatan karkara cewa amai kore da kumburin ciki na turawa babban asibiti ne nan take, kada a tsaya ƙarin ruwa. A faɗa wa jama'a haka a rediyo.

Allah Ya yi muku jagora. Wassalam.

Naku,
Yayan wani majinyaci.