Dutse Ba Ya Riƙe Suna

Jama'a, kwanan baya a wani zaure a Gyaɗi-Gyaɗi muka ji waɗansu samari masu ilmin zamani suna cewa wai mu Hausawa ba mu san darajar mazajenmu ba. Wai ɗan dambe ya mutu, a kai shi makabartar Tarauni, a tula masa ƙasa kamar kowa, alhali Yunanawa dutse suke sassaƙa wa nasu da surarsa. Suna so a riƙa gine kaburburan gwanaye da siminti. To, tun da Yunanawa suka kira shaida, bari mu ji bakinsu.

A Atina, a tsohuwar makabartar Keramekos, an tono guntun dutsen kabarin wani ɗan dambe, wanda aka sassaƙa fiye da shekara 500 kafin haihuwar Annabi Isa. Ga karyayyen hanci, ga kumburarren kunne, ga igiyar fata ɗaure a hannu, tamkar karan 'yan dambenmu. Amma wane ne shi? Har yau ba wanda ya san sunansa. Bayan da suka kori Farisawa a shekara ta 479, mutanen Atina da kansu suka kwashe duwatsun kaburbura suka gina ganuwa da su. Wajen 317 kuma mai mulkinsu Dimitiriyas ya ga ɓarnar dukiya ta yi yawa, ya hana, ya ce kada alamar kabari ta wuce kamu 3. Ashe abin da samarinmu ke sha'awa, masu shi sun gwada sun bari.

Mu fa, addini ya riga ya hana mu gini bisa kabari. Sa'an nan makabarta ta jama'a ce, birni kullum ƙaruwa yake, fili ba ya haihuwa. In mai kuɗi ya dafe wuri da siminti, ina za a sa talakan da zai rasu gobe?

Shago, wa ya sassaƙa masa dutse? Duk da haka ba inda ba a san shi ba a ƙasar Hausa, saboda bakin Ɗan Anace. Inda muka yarda da samarin nan ɗaya ne: tsofaffin da suka ga mazajen jiya a fage suna ƙarewa. Kuɗin siminti a sayi takarda da alƙalami, a je gare su a rubuta tun suna da rai. Mamaci kuwa, addu'a yake bukata. Allah ya sa mu gane, amin.