Mu Leƙa Duniya: Daga Gorongosa Zuwa Falgore, Me Ke Jawo Baƙo Gari?

Gaisuwa ta musamman a wannan mako ga ɗaliban Badafi da sauran garuruwan Kiru, da na Bebeji, Tudun Wada da Doguwa. Maganar yau ta ƙofar gidanku ce, sai dai za mu zaga ta nesa kafin mu iso.

Da an ambaci Barcelona ko Madrid, na san ƙwallo ce za ta fara faɗo muku a rai. To, ƙasarsu Sifaniya tana da wata babbar hanyar samun kuɗi da ta fi ƙwallo nesa ba kusa ba, wato yawon buɗe ido. A shekarar 2024 baƙi kusan miliyan 94 ne suka shiga ƙasar, alhali 'yan ƙasar kimanin miliyan 49 ne. Ku lissafa, kusan baƙo biyu ke nan ga kowane ɗan ƙasa. Wasu bakin teku ke kai su, wasu kuma tarihi, kamar fadar Alhambra da ke birnin Granada, inda sarakunan Musulmi na Andalus suka yi mulki har zuwa 1492.

Amma komai ya yi yawa yakan zama matsala. A watan Yulin 2024 mazauna Barcelona suka fito zanga-zanga, har wasu suka riƙa fesa wa baƙi ruwa da bindigar wasan yara. Kukansu shi ne masu gidaje sun gwammace su ba baƙo hayar kwana uku da tsada, maimakon su ba ɗan gari hayar shekara, don haka kuɗin haya ya fi ƙarfin malamin makaranta da ƙaramin ma'aikaci. Hukumar birnin ta ce zuwa ƙarshen 2028 za ta soke lasisin irin waɗannan gidaje, waɗanda yawansu ya kai kimanin 10,000. Wannan cunkoso na cikin dalilan da suka sa hukumomi ke ƙoƙarin karkata baƙi zuwa ƙauyuka, su ma baƙin da dama suka koma neman daji da tsauni da bakin tafki, inda babu hayaniya. Bari mu duba irin waɗannan wurare guda uku, ku gani ko za su yi muku kama da wani wuri da kuka sani.

Na farko yana Fotugal, maƙwabciyar Sifaniya. A yankin Alentejo, mai zafi da ƙarancin ruwan sama, an gina madatsar ruwa ta Alqueva a kan kogin Guadiana, aka rufe ƙofofinta a 2002. Don noman rani da wutar lantarki aka gina ta, ta tara tafki mai faɗin kimanin murabba'in kilomita 250. Ruwan ya cinye wani ƙauye mai suna Luz, aka gina wa mutanensa sabon gari, aka kuma yi gidan tarihi da ke adana labarin tsohon. Yau baƙi na zuwa su hau kwale-kwale, su ci kifi. Har duhun dare sai da ya zama haja. Garuruwan bakin tafkin sun rage hasken fitilun kan titi domin taurari su fito sosai, kuma a 2011 yankin ya samu shaidar zama wurin kallon taurari. Mutum zai taso daga birnin da hasken lantarki ya hana shi ganin sama, ya biya kuɗi a nuna masa abin da ku kuke gani kyauta kullum bayan sallar isha'i.

Ai kun gane inda na dosa. Madatsar Tiga da ke Bebeji, wadda aka gina tsakanin 1971 da 1974 a zamanin Gwamna Audu Baƙo, ta girmi Alqueva da kusan shekara 30, kuma faɗin tafkinta ya kai kimanin murabba'in kilomita 178. Tun a wancan lokaci an yi tunanin baƙi, shi ya sa aka gina otal ɗin Rock Castle a Tiga da na bakin tafkin Bagauda, wanda yanzu ya koma makarantar horar da lauyoyi.

Na biyu yana kudancin Sifaniya, wato Riotinto. Shekaru dubbai ana haƙar jan ƙarfe da azurfa a wurin, kuma a 1873 wani kamfani da Turawan Ingila ke jagoranta ya sayi mahaƙar. Da harka ta ja baya, mutanen wurin ba su bar kayan sun ruɓe ba. Tsohon asibitin kamfanin ya zama gidan tarihi, aka gyara tsohon jirgin ƙasa yana zagayawa da baƙi a gefen kogin da ma'adinai suka mai da ruwansa ja. 'Yan Doguwa, ku tuna da Riruwai, inda aka haƙi kuza tun zamanin Turawa, ga kuma tsaunukan da suka fi ko'ina tsayi a Jihar Kano.

Na uku shi ne wanda nake so mu daɗe a kansa. Harshen Fotugal bai tsaya a Turai ba. Da shi ake magana a Brazil, kuma a nan Afirka shi ne harshen hukuma a ƙasashe irin su Angola, Gini Bisau da Mozambik. A tsakiyar Mozambik akwai gandun dajin Gorongosa, mai faɗin kusan murabba'in kilomita 4,000, wanda Turawan Fotugal suka mai da gandun daji na ƙasa a 1960. A lokacin yana cikin wuraren da suka fi yawan namun daji a Afirka. Ƙidayar farkon shekarun 1970 ta nuna ɓauna kaɗai ta kai kimanin 14,000.

Ƙasar ta samu 'yanci a 1975, bayan shekara biyu yaƙin basasa ya ɓarke, bai ƙare ba sai 1992. Dajin ya zama maɓoyar mayaƙa. Suka riƙa harbin dabbobi don nama, suna kashe giwaye suna sayar da haure don sayen makamai. Da ƙura ta lafa, an rasa fiye da kashi 90 cikin 100 na manyan dabbobin dajin. Ɓaunar nan ko 100 ba ta cika ba. Baƙi kuwa sun ɗauke ƙafa gaba ɗaya.

A 2008 gwamnatin Mozambik ta ƙulla yarjejeniyar shekara 20 da gidauniyar wani attajiri Ba'amurke mai suna Greg Carr domin su farfaɗo da dajin tare. An kawo ɓauna daga Afirka ta Kudu, daga baya a 2018 aka kawo kyarkeci. An horar da masu gadin daji, maza da mata, suka riƙa bi suna kwance tarkuna. A ƙidayar da aka yi ta jirgin sama a 2018, manyan dabbobi sun haura 100,000.

Abin lura shi ne ba da bindiga kaɗai aka yi wannan aiki ba. Mutane kimanin 200,000 ne ke zaune a kewayen dajin, kuma masu aikin sun gane cewa wanda yunwa ke damu ba zai bar gada ta wuce shi ba don an kafa allo an rubuta doka. Saboda haka aka ɗauki 'ya'yan ƙauyukan aiki, aka gina makarantu, aka kai ma'aikatan lafiya. Dokar ƙasar ta tanadi a ba al'ummomin da ke kewaye kashi 20 cikin 100 na kuɗin da gwamnati ta samu daga gandun. A kan tsaunin Gorongosa, inda aka sare itatuwa don noma, an koya wa manoma shuka gahawa a inuwar itatuwan asali, ta yadda duk mai son gahawarsa ta yi kyau dole ya raini itace. An kuma kafa ƙungiyoyin 'yan mata a makarantu domin su ci gaba da karatu. Wata 'yar ƙasar, Dominique Gonçalves, haifaffiyar birnin Beira, ta karanci kimiyya har ta zama mai jagorantar binciken giwayen dajin.

Ba a ce komai ya tafi sumul ba. Rikici ya sake tashi a yankin daga 2013, baƙi suka sake raguwa. Amma a ranar 1 ga Agustan 2019, a cikin wannan gandun daji ne shugaban ƙasa Filipe Nyusi da madugun 'yan adawa Ossufo Momade suka sa hannu kan daina faɗa. Masu iya magana sun ce zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki, kuma a harkar baƙi shi ne jarin farko.

Yanzu mu dawo gida. Dajin Falgore ya shimfiɗu a ƙananan hukumomin Tudun Wada, Doguwa da Sumaila, faɗinsa kimanin murabba'in kilomita 1,000. Tun shekarun 1940 aka keɓe shi da sunan dajin Kogin Kano, a shekarun 1960 aka ɗaga shi zuwa gandun namun daji. Ku ma kun san an yi shekarun da ɓarayin shanu da 'yan fashi suka sa matafiya a hanyar Jos ke fargabar ratsa shi, har sojoji suka mai da wani sashensa filin atisaye a 2017. A ƙarshen 2020 kuma gwamnatin tarayya ta amince da sanya shi cikin sababbin gandun daji na ƙasa guda 10.

Ko da baƙo ɗaya bai zo ba, Falgore ya wajaba a kiyaye shi. Kogin Kano ta cikinsa yake ratsowa kafin ya zuba a Tiga. Saiwoyin itatuwa ne ke riƙe ƙasa. Idan aka sare su aka yi gawayi, ruwan sama zai kwashe yashi da laka ya zuba a tafki, tafkin ya riƙa cikewa, ruwan da manoman shinkafa da tumatir na Kadawa da Kura ke dogaro da shi ya ragu. Buhun gawayi sau ɗaya ake sayar da shi, itacen da ke tsaye kuwa kowace damina yana aiki.

Tsaro da hanya da masauki aikin hukuma ne, babu ɗalibin da zai iya su. Amma akwai aikin da babu mai yi sai ɗan gari. Baƙon da ya je Gorongosa ko Riotinto yana biyan ɗan jagora ne domin ya faɗa masa sunan tsuntsun da ya gani da labarin ramin da ya leƙa. Ranar da aka buɗe Falgore ga baƙi, za a nemi masu gadin daji, likitocin dabbobi, masu dafa abinci, direbobi da 'yan jagora masu jin Turanci. Idan ba a same su a Doguwa da Tudun Wada ba, daga wani wuri za a ɗauko su, ku kuna gefen titi kuna kallon motoci na wucewa. Kukan mutanen Barcelona ke nan a taƙaice: baƙi sun cika gari, amma ɗan gari bai ga riba ba. Don haka darasin labarin ƙasa da na halittu da na Turanci da kuke gani kamar wahalar jarrabawa kawai, su ne takardar neman wannan aiki.

Ga aikin wannan mako. Kowa ya samu dattijo ɗaya a garinsu, kaka ko tsohon maharbi ko masunci ko wanda ya yi aikin kuza. Ku gaishe shi da ladabi, ku tambaye shi abu uku: waɗanne namun daji ya taɓa gani da idonsa a Falgore ko dajin Dansoshiya, waɗanda yanzu ba a ganinsu? Waɗanne ƙauyuka ne suka tashi lokacin da aka tare ruwan Tiga, kuma ina mutanensu suka koma? Waɗanne itatuwa ne a da ba a sarewa, kuma me ya sa? Ku rubuta amsar a shafi ɗaya, da sunayen dabbobi da itatuwa yadda ya faɗe su da Hausa ko Fulatanci. Kada kowa ya shiga daji ko tsohon ramin haƙar ma'adinai da sunan bincike, a zaure ko gindin bishiya za a yi wannan hira. Ku ba malamin labarin ƙasa ya duba, ya aiko wa editan wannan shafi, za mu buga waɗanda suka fi kyau.

Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. A yi karatu da kyau.