Kama da Wane Ba Ta Wane: Rigimar Gado a Wasannin Tsibirin Biri

A ƙarshen watan Yuni na 2022, Ron Gilbert, Ba'amurken da ya ƙago wasan kwamfuta mai suna The Secret of Monkey Island a 1990, ya ba da sanarwa cewa ya daina magana a intanet game da sabon kashin wasan da yake shiryawa. Zagi ne ya ishe shi. Masu zagin kuwa masoyan wasan ne, waɗanda suka shekara 30 suna roƙon ya dawo ya ƙarasa labarin da ya bari. Ko ɗayansu bai taɓa sabon wasan ba a lokacin, domin sai ranar 19 ga Satumba ya fito. Abin da suka gani ƴan hotunan talla ne, laifin hotunan kuma shi ne ba su yi kama da na ƙuruciyarsu ba. Wannan ƙorafi ya cancanci a tsaya a kansa, domin ya ginu kan kuskuren da ake yi a kowane fage na fasaha, wato auna magaji da yawan kamar da ya yi da ubansa.

Ga wanda bai san irin waɗannan wasanni ba, ba harbi a cikinsu, ba tsere. Labari ne da ba ya tafiya sai mai wasa ya tura shi. Yana zagayawa da jarumin, yana zance da mutane, yana tsintar kaya yana zubawa a aljihu, sannan ya yi tunanin wane abu ne zai kwance wane ƙulli. Kamfanoni biyu na Kaliforniya ne suka yi tashe da su tsakanin 1984 da 2000, Sierra da Lucasfilm, wanda sashensa na wasanni ya koma LucasArts. Jarumin Tsibirin Biri wani saurayi ne rago mai baki, Guybrush Threepwood, wanda ya sauka a tsibirin Mêlée da burin zama ɗan fashin teku, ya faɗa soyayyar gwamna Elaine, ya kuma ja wa kansa gabar fatalwar wani ɗan fashi, LeChuck.

Abin da ya ɗaukaka wasan farko shi ne dariyar tana cikin ƙullin kansa, kuma hannun mai wasa ne yake fito da ita. Akwai inda aka ɗaure Guybrush da wani gunki mai nauyi aka jefa shi teku. A kewaye da shi ga wuƙa, ga almakashi, ga takobi, kowanne ya ɗara tsawon igiyar da ɗan taki. Mai wasa zai yi ta miƙa hannu yana kasawa, har ya tuna cewa wannan jarumi ya saba zuba duk abin da ya ga dama a aljihu. Sai ya ɗauki gunkin ya sa a aljihu ya hau tsani ya fita. Kansa yake yi wa dariya a nan, don shi ne ya manta dokar duniyar da yake ciki. Haka kuma faɗan takobi, inda harshe ne yake yanke hukunci: abokin gaba ya jefo zambo, Guybrush ya mayar da amsar da ta dace, in ya rasa ya ja da baya. Sai an sha kaye sau da yawa kafin a tara zambo da amsoshinsu. Hikimar tana ƙarshe, domin gwanar takobin tsibirin tana zuwa da sababbin zambo da ba a taɓa ji ba, dole mai wasa ya gane wace tsohuwar amsa ce za ta hau sabuwar magana. Malamin da ya taɓa raba ɗalibin da ya haddace da wanda ya fahimta ya san wannan jarrabawa. Wanda kuma ya taɓa zama inda taubasai suke wasa ya san cewa daɗin habaici a cikin ramuwa yake.

To, me magada suka yi da wannan gado? The Curse of Monkey Island na 1997, wanda Larry Ahern da Jonathan Ackley suka jagoranta bayan Gilbert ya bar kamfanin a 1992, wasa ne mai kyau, kuma ba adalci ba ne a musa. Zanensa na hannu ne mai daɗin kallo, a cikinsa aka fara jin muryar Guybrush, shi ne kuma ya kawo Murray, ƙoƙon kai mara jiki mai alwashin halaka duniya. Amma da aka zo faɗan takobi sai aka maimaita tsarin 1990 tsaf, aka ƙara sharaɗin cewa a kan teku dole amsa ta yi amsa-amo da zambo. Ado ne a kan tsohuwar riga. Escape from Monkey Island na 2000 ya ƙara zurmawa. Aka mayar da zambo cikin gwajin ƙarfin dantse, aka dawo da tsofaffin fuskoki ɗaya bayan ɗaya don su gaisa da masoya, aka rufe da wani faɗan birai inda mai wasa zai ɗauki takarda da alƙalami ya rubuta jadawalin wace tsayuwa ce take kayar da wace, ba ma'ana ba raha. Wasan da ya soma da jarraba fahimta ya ƙare da tilasta hadda. Abin mamaki, mugun cikin labarin wani attajiri ne ɗan Ostireliya da yake saye tsibiran ƴan fashi yana mai da su wuraren yawon buɗe ido, ana sayar da sunansu a kan kofuna da riguna. Marubutan sun hango cutar sarai, suka kuma kamu da ita. Shi ne wasa na ƙarshe irin wannan da LucasArts ya ƙera da kansa.

Kacici-kacicin da aka riga aka san amsarsa ya tashi daga kacici-kacici. Nan ne matsalar magajin wasan barkwanci ta fi ta magajin fim ko littafi tsanani. Ana iya sake kallon jarumi cikin jin daɗi, amma ba a iya sake mamakin abu ɗaya sau biyu. Masu neman a ba su abin da suka sani suna neman abin da ba ya samuwa, domin abin da ya faranta musu rai a 1990 shi ne rashin saninsa.

Hujja mafi ƙarfi a kan haka ita ce Day of the Tentacle na 1993, magajin Maniac Mansion na 1987. Tim Schafer da Dave Grossman sun yi wa uban riƙon sakainar kashi. Daga matasa bakwai da ake iya wasa da su a na farko, ɗaya kawai suka riƙe, Bernard. Suka zubar da mutuwa da hanyoyin da ba su ɓullewa, suka canza zanen ya koma karkatacce irin na majigin yara. Abin da suka kawo sabo shi ne gida ɗaya a zamani uku: Hoagie ya maƙale shekara 200 a baya, Laverne shekara 200 a gaba, Bernard yana tsakiya, suna aika wa juna kaya ta wata na'urar ratsa zamani mai siffar makewayi. Laverne ta faɗo a zamaninta ta rataye a kan bishiya. Ba a sauko da ita a can. Hoagie ne, shekara 400 kafin nan, zai shafa wa ƴaƴan bishiyar jan fenti, har Joj Washinton ya ɗauka irin bishiyar nan ce da almarar Amurkawa ta ce ya sare yana yaro, ya sa gatari. Bishiya ta ɓace a gaba, Laverne ta faɗo ƙasa. Ba wani abu mai kama da wannan a Maniac Mansion, amma ruhinsa ne ɗungurungum. Masu neman tsohon kuma ba a hana su ba, domin an ajiye shi sukutum a cikin wata kwamfuta da ke ɗaya daga ɗakunan gidan, mai so ya kunna.

Gilbert da kansa ya bi wannan hanya tun a Monkey Island 2: LeChuck's Revenge na 1991. Bai maimaita faɗan zambo ba. Ya faɗaɗa fagen zuwa tsibirai da yawa da ake kai da kawowa a tsakaninsu, ya mai da Guybrush mai fariya da ɗan mugunta, sannan ya rufe da abin da ba wanda ya nema: aka tuɓe fuskar LeChuck, sai ga yaro, ɗan'uwan Guybrush, su biyun suka fito a wani filin wasan yara inda iyayensu suke jiransu. Wasan yana da aibinsa. Akwai famfon da ba ya juyuwa sai an yi amfani da biri a matsayin sufana, domin a Ingilishin Amurka sunan wata irin sufana yana ɗauke da kalmar biri. Wanda ya yi wasan da Faransanci ba shi da hanyar gane wannan, tunda sunan da Faransawa suke kiran sufanar ba biri a cikinsa. Darasi ne ga duk mai aikin fassara. Faransawan ma sun fi wayo a nan: Gobliiins na 1991, aikin Pierre Gilhodes da Muriel Tramis, ƴar tsibirin Martinik, ya dogara da motsi da yatsina fuska fiye da kalma, kuma magadansa na 1992 da 1993 sun riƙa rage jarumai daga uku zuwa biyu zuwa ɗaya, harafin i na cikin sunan yana raguwa tare da su.

Masoya suna da abin faɗa, kuma ba a banza yake ba. Su ne suka raya sunan wasan a shekarun da kamfani ya yi watsi da irinsa, bayan an soke magajin Sam & Max a 2004, bayan kuma Disney ya sayi Lucasfilm a 2012 ya rufe ɗakin ƙera wasannin a 2013. Masu sa kai daga cikinsu ne suka rubuta manhajar ScummVM, wadda take sa waɗannan tsofaffin wasanni su yi aiki a kan ƙaramar kwamfuta ko wayar hannu. Wanda ya yi wannan hidima yana da haƙƙin ya ce sabon zane bai yi masa ba. Sai dai kiyaye abu daban ne da mallakarsa. Tsohon wasan yana nan ba wanda ya taɓa shi, har an sake fito da na farko da na biyu da sabon zane a 2009 da 2010, da maɓallin komawa ga na asali. Kuma zanen da suke kira na asali bai taɓa zama ɗaya ba: na 1990 daban, na 1991 daban, na 1997 daban, na 2000 daban. Kowa shekarar da ya fara wasa yake karewa.

Da Return to Monkey Island ya fito, rauninsa ya bayyana a inda ya bi son masoyan. Kashin farko na labarin ya daɗe a Mêlée yana zagaya tsofaffin tituna, yana nuna shagon da aka sani da kurkukun da aka sani, ƙullan kuma sun yi sauƙi idan aka gwada su da na 1991. Zanen Rex Crowle da aka yi ta tsinewa yana cikin abubuwan da suka fi rai a wasan. Ƙarfinsa kuwa yana inda ya bijire. Gilbert da Grossman sun buɗe da filin wasan yaran nan na 1991, sai ta bayyana ɗan Guybrush ne da abokinsa suke kwaikwayon labarin uba, shi kuma uban yana zaune a kan benci, ya manyanta, yana ba da labarin yadda ya nemo sirrin tsibirin. Ba su goge aikin waɗanda suka riƙe wasan bayan tafiyar Gilbert ba, Murray na 1997 yana ciki da bakinsa. A ƙarshe Guybrush ya bi LeChuck ta wata ƙofa, ya tsinci kansa a Mêlée ta katako da fitilu, ƴan fashin duk gumaka ne masu motsi da inji, aka miƙa masa makullai aka ce ya kashe wuta in ya gama. Akwatin sirrin da aka shekara 32 ana jira yana gefe, mai wasa yana iya buɗe shi ko ya wuce. Wanda ya buɗe, riga ce ƴar shara a ciki.