Kujerun Bayan Sahu

Duk macen da ta saba halartar sallar asham a sashen mata na masallatan biranenmu, in dai tana da idon lura, ba za ta rasa ganin wani abu da ya yawaita a 'yan shekarun nan ba, wato jerin kujerun roba da ake girkawa a bayan sahu, waɗanda a dā ba a ajiye su sai domin tsohuwa tukuf ko majinyaciya, amma a yau da yawa daga masu zama a kansu ba su wuce shekara 45 ko 50 ba, mata da sauran jini a jika, waɗanda gwiwa ta hana su sujada, haki kuma ya hana su doguwar tsayuwa. Shari'a dai ta yi rangwame, ta halatta wa wanda ya gaza ya yi sallarsa a zaune, ba kuwa abin da bawa zai ce game da wannan rahama face godiya. Abin da ya dame ni shi ne sababin da ya kai mu ga wannan larura tun lokacinta bai yi ba, da kuma shirun da muka yi a kansa, sai ka ce hukunci ne wanda ba shi da makawa.

Kakanninmu mata, Allah Ya jiƙansu, ba su san wani abu wai shi motsa jiki ba, domin rayuwar tasu ɗungum motsi ce: mace ta tashi tun assalatu ta share tsakar gida a duƙe, ta ja guga goma ko ashirin daga rijiya, ta yi surfe, ta yi daka, ta durƙusa gaban dutsen niƙa har gumi ya jiƙa mata zane, ta tuƙa tuwon gida guda, sa'an nan in akwai barka ko ta'aziyya a wata unguwa ta yafa mayafi bayan magariba, ta tafi a ƙasa ta komo a ƙasa. Ba kukan wucewar wannan wahala nake yi ba, don kuwa injin niƙa da famfo da murhun gas da Adaidaita-sahu suna cikin ni'imomin Allah, kuma wadda taɓarya ta taɓa yi wa kanta a tafin hannu ba za ta so a mayar da ita gidan jiya ba. Amma tun da aikin ya tafi alhali malmalar tuwo ba ta ragu ba, har ma an ƙara mata taliya da soye-soye da lemon kwalba da shayi mai kauri, to, lalle abin da jiki bai ƙone ba sai ya adana shi, ba shi kuwa da rumbun da ya wuce ciki da ƙugu da cinya.

Ga kuma hukuncin shekaru. Galibin mata jinin al'ada yana ɗauke musu ne tsakanin shekara 45 da 55, kuma a wannan zango sinadarin da likitoci ke kira istirojin yakan ja baya, sai kitse ya bar mazauninsa na dā ya tattaru a ciki, inda ya fi illa ga zuciya da hanta, ƙashi kuma ya soma rasa ƙwarinsa. Tsokar jiki ma tun daga shekara 30 take zaizayewa, kimanin kashi 3 zuwa 8 cikin 100 a kowace shekara goma, musamman ga wadda ba ta aiki da ita, alhali tsoka ita ce murhun da ke cinye sukarin jini, in murhu ya ƙanƙance kuwa dole itace ya taru. Shi ya sa za ka ji mace tana cewa, "Wallahi abin da nake ci bai ƙaru ba, amma zannuwana sun daina zagaye ni," kuma gaskiya ta faɗa, balle in an lissafa haihuwa shida ko bakwai, kowace da kunun kanwarta da naman jegonta, kowace ta bar ɗan abin da ta bari. Malaman fiƙihu suna kiran wannan lokaci shekarun yanke ƙauna, abin da suke nufi kuwa yanke ƙauna daga haila kaɗai, don a san hukuncin idda. Mu ne muka faɗaɗa ma'anar, har ta zama yanke ƙauna daga ƙarfi da kuzari.

Al'adarmu ma ba ta taimake mu ba. Mace in ta cika ta batse sai 'yan'uwa su ce, "Kin yi kyau, lalle Alhaji yana ji da ke," in kuwa ta ɗan faɗa sai a ja ta gefe a tambaye ta ko lafiya, ko kishiya ce ta sa ta gaba. Da wannan mizani ne yarinya takan sha ƙwayoyin da ake kira sha-ka-fashe don ta yi jiki, sa'an nan bayan shekara ashirin ita ɗin dai ta koma sayen shayin rage teɓa a hannun masu talla ta waya, wanda da yawansa ba abin da yake yi sai sa gudawa da yawan fitsari, ruwa ya fita, kitse yana nan daram. Duka biyun zalunci ne ga jikin da aka ba mu amanarsa, kuma duka biyun gudun abu ɗaya ne, wato haƙuri da ɗan gumi.

Na san hujjar da za a kawo mini, domin na sha jin ta: wai tsalle-tsalle da guje-guje ba su dace da babbar mace ba, zubar da girma ne, uwar 'yan mata ta kama kanta. To, mu kai ƙarar gaban magabata. Ya tabbata a ruwayar Imamu Ahmad da Abu Dawuda cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi tseren gudu da Uwar Muminai A'isha a wata tafiya, tun tana siririya, ta kuwa tsere masa. Bayan wani zamani, da ta yi jiki, suka sake, shi kuma ya tsere mata, ya yi dariya yana nuna mata cewa ya rama. Abin lura a ruwayar Ahmad shi ne, kafin tseren sai da ya umarci sahabbai su yi gaba, wato miji ne da kansa ya samar wa iyalinsa fili da sutura. Sa'ayi tsakanin Safa da Marwa, wanda kai-kawonsa bakwai ya kai kusan kilomita uku, tunawa ne da kai-kawon wata uwa, Nana Hajara, tana neman ruwa. A ƙasarmu ta Hausa kuwa, matan da ake kira jaji a ƙarƙashin Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, wadda ta rasu a 1864, dattijan mata ne da ke jagorantar ɗalibai mata da ake kira 'yan taru daga ƙauyuka masu nisa, a ƙasa, su zo ɗaukar karatu su koma su karantar. Wa zai ce waɗannan ba su da kamun kai?

Abin da ake nema ma bai kai yadda ake tsoro ba. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojinta na 2020, ta ƙayyade wa baligi minti 150 zuwa 300 a mako na motsi matsakaici, irin tafiya da sauri wadda mutum zai iya magana a cikinta amma ba zai iya rera karatu ba, tare da aikin ƙarfafa tsoka kwana biyu a mako. Mafi ƙarancinsa ke nan rabin sa'a a yini, kwana biyar. Fa'idarsa kuwa an gwada an gani: a wani babban bincike da aka yi a Amurka, aka bayyana sakamakonsa a 2002, an bi mutum sama da 3,000 waɗanda ke bakin kamuwa da ciwon sukari, sai aka tarar waɗanda aka ɗora a kan minti 150 ɗin nan da gyaran abinci, da nufin rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu, haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 58, alhali waɗanda aka ba ƙwayar magani kashi 31 kawai suka samu. Ga mace mai kilo 90, kashi 7 ɗin nan kilo 6 ne da 'yar ɗoriya. Kowane kilo ɗaya da ya sauka kuwa yana ɗauke wa gwiwa nauyin kusan kilo huɗu a kowane taku, gwiwar ke nan ita ce farkon mai godiya.

Wadda ba ta fita ma ba ta rasa hanya ba, matuƙar gidanta yana da tsakar gida ko soro ko matakala. Ta zaga tsakar gidan da sauri bayan sallar asuba, lokacin da iska ke da sanyi, tana azkar ɗinta, ta fara da minti goma, ta riƙa ƙarawa mako bayan mako, domin sannu ba ta hana zuwa. Ta zauna a kujera ta miƙe ba tare da dafa komai ba, sau goma, ta huta, ta sake. Ta dafa bango ta tura jikinta. Ta cika gorar ruwa biyu ta riƙa ɗagawa. Waɗannan su ke mayar da tsokar da shekaru suka ci, su kuma riƙe ƙashi. Mai hawan jini ko ciwon zuciya ko sukari, ko wadda ƙirji ke mata zafi in ta yi sauri, wajibi ne ta fara da shawarar likita. Kada kuma a yaudari kai game da abinci, don kuwa babbar kwalbar lemo ɗaya tana ɗauke da sukari fiye da ƙaramin cokali goma, kuma tafiyar rabin sa'a ba lalle ta ƙone shi duka ba. Sunnar nan da ta raba ciki uku, tsakanin abinci da ruwa da numfashi, ta riga likitoci faɗin abin da suke faɗa yau. Sauke rabin kilo na nauyi a mako ya wadatar, kuma igiyar awon tela ta fi sikeli gaskiya, domin ƙugun mace in ya haura santimita 88 haɗari ya yi yawa.

Sai dai ba adalci ba ne a ɗora nauyin duka a kan mata. Maigidan da ke biyan kuɗin maganin hawan jini wata-wata ba tare da ƙorafi ba, amma ya murtuke fuska in uwargida ta ce za ta zaga unguwa da maƙwabciyarta cikin hijabi, ya kamata ya sake lissafi, ko ma ya sa takalminsa ya raka ta, tun da shi ma tumbin bai bar shi ba. Makarantun Islamiyya na matan aure, waɗanda ke da filaye masu katanga kuma suke tara mata kusan kullum, me zai hana su keɓe minti ashirin kafin a buɗe littafi? Sutura ta samu, abokan tafiya sun samu, kunyar da ke hana mace ɗaya farawa kuma ta gushe a cikin jama'a.

Ina da wata yaya wadda ta shekara biyu tana salla a kujera. Da aka biya mata kujerar Makka, tsoron kada a tura ta a keken guragu wajen ɗawafi ya sa ta fara zaga tsakar gida, da fari 'ya'yanta suna dariya, daga baya surukarta ta bi sahu. Ba ta koma budurwa ba, har yau mace ce mai jiki, amma ta yi ɗawafi da sa'ayi da ƙafafunta, kuma da azumin da ya wuce na gan ta a sahun gaba, goshinta a ƙasa. Kujerar tata tana nan a bayan sahu, wata tsohuwa mai shekara tamanin ce ke zama a kai, ita ce kuwa mai haƙƙinta. Allah Ya ba mu lafiya mai amfani, Ya sa mu cika da imani.