Dandalin Kwamfuta: Gona Ɗaya, Shuka Biyu

Wani ɗalibin SS 2 daga Kebbe ya aiko mini da tambaya. Yayansa da ke karatu a Jami'ar Usmanu Danfodiyo ya bar masa kwamfutar cinya, shi kuma yana son ya sa mata Ubuntu, wato wani nau'in Linux da ake samu kyauta. Amma ba ya son rabuwa da Windows, domin a kanta manhajar gwajin JAMB take, ga kuma takardun yayan nasa.

Ƙanena, zai yiwu. Rumbun ajiyar kwamfuta kamar gona yake: ka ja iyaka, gero nan, wake can. Sai dai tun da gonar ba taka ba ce, fara neman izinin Yaya, sannan ka kwashe takardunsa kaf zuwa filashi. Ni da kaina na taɓa shafe hotunan bikin yayata saboda gaggawa, har gobe ana yi mini gori.

A Windows, buɗe Disk Management, ka danna ɓangaren C: da maɓallin dama, ka zaɓi Shrink Volume. Ubuntu 24.04 na buƙatar aƙalla 25GB, amma ni 40GB nake bayarwa don ya sake, wato ka rubuta 40960. Filin da ya fito ka bar shi fayau. In BitLocker na kunne, adana lambobinsa 48 a takarda, sannan ka kashe shi.

Ubuntu ɗin kansa ya kusa 6GB, datar ba kaɗan ba ce. In akwai mai shi a Tambuwal, kwafo kawai, ka ɗora a wani filashin mai 8GB ta hanyar Rufus.

To, ga inda ake kuka. Idan ka tayar da kwamfutar daga filashin, za ka ga zaɓin da ya fara da "Install Ubuntu alongside" da mai cewa "Erase disk". Na farkon ne naka. Na biyun share gonar yake yi ƙarƙaf, har da takardun Yaya.

Sai maganar wuta. In kwamfuta ta mutu ana tsakiyar rabon, rumbun na iya rikicewa. Batirinka in ba ya riƙe caji, tafi shagon mai sola, ka biya shi kuɗin awa biyu, ka zauna a gefenta har ta gama.