Mene ne muke nema a fim? Daga dakatarwar Kano zuwa Shaihu Umar

A watan Mayu na 2025 Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano, a ƙarƙashin Abba El-Mustapha, ta dakatar da fina-finai 22 masu dogon zango, ciki har da Labarina, Daɗin Kowa da Manyan Mata. Laifin da aka faɗa shi ne ana sakin su ba tare da an kai su tacewa ba. Labarin ya iso mana nan Batsari da Safana kamar ruwan sama, don kusan kowane gida akwai mai bin ɗaya daga cikinsu. Wata uwa a zumuntar mata ta ce gara haka, yara su huta. Matasa kuma suka yi ta gunaguni bayan sujada.

Abin da muka lura shi ne duk ɓangarorin biyu tambaya ɗaya suke yi: a bari ko a hana? Tun da aka kafa hukumar a 2001 muhawarar fim ɗin Hausa ba ta cika wuce nan ba. Haka aka yi a 2016 lokacin da aka kori Rahama Sadau saboda bidiyon waƙa, haka aka yi da batun ƙauyen fim na Kofa da aka fasa ginawa a wannan shekarar. Ana duba sutura, ana duba rawa, ana duba wa ya taɓa wa. Ba mu ce waɗannan ba su da muhimmanci ba. Amma fim yana iya tsallake duk wannan tacewa, kowa ya rufe jikinsa ruf, ya kuma zama ƙarya daga farko har ƙarshe.

Hani kuwa ba ya hana mu kallo, mun gani da idonmu. A watan Satumba na 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Katsina, har da namu biyu. Ba kira, ba intanet, wata da watanni. Duk da haka fim bai yanke ba. Wanda ya je Katsina ya dawo da katin waya cike, masu turi a kasuwa su raba. A daren da mutane ke kwana da kunne ɗaya a buɗe saboda dajin Rugu, za ka tarar da samari sun kewaye waya ɗaya suna kallon rikicin gādo a wani katafaren gida na Kano, da motoci jere a harabarsa.

Ba mu ga laifinsu ba. Mai ɗauke da kaya yana bukatar inuwa. Sai dai idan kowane labari da yaronmu ya gani yana gaya masa cewa rayuwa ta gaske tana can inda ake da kujerun alfarma, shi kuwa da gonar da ya kasa zuwa ba su isa a ba da labarinsu ba, to an koya masa wani abu, ko da ba a yi rawa ko sau ɗaya ba.

Shi ya sa muke so mu tuna da wani tsohon fim. A 1976 Adamu Halilu ya mai da littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa fim. Ya daɗe ba a ganinsa, har aka gano faifansa a ma'ajiyar Hukumar Fina-finai ta Nijeriya, aka gyara shi, aka nuna shi a bikin fina-finai na Berlin a 2018. Labarin yaro ne da aka sace a zamanin farautar bayi, aka wuce da shi Kano, daga nan aka ƙetare hamada da shi. Mahaifiyarsa ta bar komai ta bi sawunsa, ita ma ta faɗa hannun masu bauta. Sun sake haɗuwa, amma wahala ta riga ta cinye ta, ba ta daɗe ba ta rasu.

A karanta wannan a Tsauwa ko Ɗankar, inda aka kashe mutane kusan 30 a watan Fabrairu na 2020, ko a gaban iyayen ɗaliban Ƙanƙara da aka kwashe a Disambar wannan shekarar. Babu wanda zai bukaci a yi masa bayani. Labarin da aka rubuta a farkon shekarun 1930 ya fi yawancin abin da ake saki duk mako a YouTube sanin halin da muke ciki. Fim ɗin yana tafiya a hankali, mai son sauri zai ƙosa. Amma bai yi wa mai kallo wayo ba: bai kawo wani attajiri a minti na ƙarshe ya share hawayen kowa ba. Akwai inda za mu yi masa gardama. Ya nuna zafin bauta, amma Balaraben da ya ɗauki yaron mutumin kirki ne, har mai kallo ya kusa manta cewa cinikin mutane ne ya kawo su tare. Wannan ma abin tattaunawa ne, kuma irin tattaunawar da muke so matasanmu su iya yi ke nan.

A cikin na yanzu ma akwai masu ƙoƙari. Daɗin Kowa na Arewa24 ya zauna cikin talakawa, ya nuna masu gudun hijira, ya kuma sa Kirista a cikin maƙwabta a matsayin mutum, ba abin dariya ba. Mu Hausawa Kiristoci mun san yadda wannan yake da wuya a samu a allon Kannywood, inda sau da yawa ba ma nan gaba ɗaya.

Annabi Natan bai je wa Sarki Dawuda da doka ba. Labarin matalauci da 'yar tunkiyarsa ya ba shi, sai da sarki ya yanke hukunci kafin ya gane kansa ne a ciki. Tambayar da muka fara yi wa matasa a nan ke nan idan sun gama kallo: wa ka gane a ciki, wa aka bari a waje, kuɗin gidan nan daga ina suka fito? Makon jiya wata yarinya ta amsa mana cewa a duk zangon da ta kalla, ba ta ga mutum ɗaya ya je gona ba.