A Tsare Kufan Badagiri Kafin Kwalta Ta Iso

A watan Oktoban 2024 Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da aikin babbar hanyar da za ta tashi daga Illela a Jihar Sakkwato ta dire a Badagiri, bakin Tekun Atilantika a Jihar Legas. Hanya ce mai tsawon kilomita 1,068, wadda za ta ratsa jihohin Kebbi da Neja da Kwara da Oyo da Ogun, kuma tun zamanin Shugaba Shehu Shagari ake maganarta. An yi ta bayani kan amfanin da za ta yi wa manoma da 'yan kasuwa da direbobin manyan motoci. Abin da ba a cika ji ba shi ne halin da garin da ke ƙarshen hanyar yake ciki, da kuma makomar wuraren tarihinsa idan ƙafa ta yawaita, filaye suka yi daraja.

Badagiri gari ne na al'ummar Ogu, yana yamma da birnin Legas, dab da iyakar Seme da Jamhuriyar Benin. Allah Ya hore masa abin da masu neman hutu ke biyan kuɗin jirgi su je nema a wata ƙasa: wani miƙaƙƙen ruwa mai kwanciya da ya raba garin da teku, da rairayi mai nisan zango, da gonakin kwakwa da ke jere a gaɓa. Baƙo kan shiga kwalekwale, ya hau doki a bakin teku, ya kalli masunta suna jan koma, ya sha ruwan kwakwar da aka sare a gabansa. Amma abin da ya bambanta garin da sauran wuraren shaƙatawa shi ne abin da ke tsaye a bayan wannan kyau. Badagiri na cikin tashoshin da aka yi ɗaruruwan shekaru ana lodin bayi zuwa nahiyar Amurka.

Shaidun wannan zamani suna nan. Akwai kurkukun bayi na Seriki Williams Abass, mutumin da shi kansa aka taɓa bautar da shi kafin ya zama dillalin bayi, inda ake nuna ƙananan ɗakunan da aka riƙa cusa mutane kafin jirgi ya iso. Akwai gidan adana kayan tarihi na iyalin Mobee, inda sarƙoƙin wuya da marin ƙafa suke ajiye, mai ziyara ya ɗaga ya ji nauyinsu da hannunsa. Akwai tsohon ofishin D.O. da aka gina a 1863, wanda yanzu ya zama gidan tarihin garin. Akwai benen da 'yan mishan suka kammala a 1845, wanda ake yi wa laƙabi da bene na farko a Najeriya, ko da yake Katsinawa na da hasumiyar Gobarau da za su kafa hujja da ita. Sannan a ƙetaren ruwa akwai tsibirin Gberefu, inda ake taka yashi ƙarƙashin rana, a wuce rijiyar da ake cewa ana shayar da bayi ruwanta don su manta gida, har a kai gaɓar da aka sa wa suna wurin da ba a dawowa.

Kada wani ma'aikaci a Abuja ya ɗauka wannan tarihin mutanen Kudu ne kaɗai. Yaƙe-yaƙen ƙarshen ƙarni na 18 da farkon na 19 sun jefa Hausawa da Nufawa da Barebari masu yawa a hannun fatake, aka gangara da su tashoshin wannan gaɓa, aka haye da su Bahiya a ƙasar Birazil. A can ne hukumomi suka bankaɗo shirin tawayen bayi Hausawa a 1807, kuma a can ne bayi Musulmi suka yi boren 1835 a birnin Salbado. Haka kuma daga Badagiri ne Baturen Ingila Hugh Clapperton ya kama hanya a Disambar 1825 zuwa fadar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya rasu a Sakkwato a Afrilun 1827, yaronsa Richard Lander ya sake biyo sawu ya komo Badagiri da takardunsa. Ashe hanyar da ake shirin shimfiɗa wa kwalta tsohuwar hanya ce. Ƙafafu sun daɗe da sanin ta, wasu da son ransu, wasu a ɗaure.

Maƙwabta sun riga Najeriya gane darajar irin waɗannan wurare. Tsibirin Gore na Senegal ya shiga jerin wuraren tarihin duniya na Hukumar UNESCO a 1978, ganuwoyin bakin tekun Ghana suka bi baya a 1979. Jamhuriyar Benin ta gina ƙofar tunawa a gaɓar Wida tun 1995, Ghana kuma ta ware shekarar 2019 ta gayyaci jikokin bayi su dawo su ga tushensu, suka kuwa amsa. Najeriya, da girmanta da gaɓar teku mai tsawon kilomita 853, wurare biyu kacal take da su a wancan jeri: Sukur a Adamawa da kurmin Osun a Osogbo. Babu ko ɗaya a bakin teku. Bikin tarbar 'yan Afirka mazauna ƙetare da ake yi a Badagiri abin yabo ne, sai dai biki na kwana biyu ba ya gyara rufin da ke yoyo shekara guda.

Barazanar iri biyu ce. Ta farko ta yanayi ce: iskar teku mai gishiri tana cin ƙarfe, damina tana ruɓar da katako, igiyar ruwa tana zaizaye gaɓa. Ta biyu ta ɗan Adam ce, kuma ita ta fi sauri. Duk inda babbar hanya ta sauka, dillalan filaye ne ke fara isa kafin masana tarihi. Tsohon gini da ya jure wa shekara 180 ba ya jure wa katafila na yini guda. Mazauna Kano sun ga yadda badala ta riƙa ɓacewa ƙarƙashin shaguna da gidaje, ba don wani ya yanke shawarar rushe ta ba, sai don babu wanda ya tsaya mata a kan lokaci.

Saboda haka wannan jarida na ganin akwai matakan da bai kamata su jira kammala hanya ba. Hukumar Kula da Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa, wadda dokar 1979 ta ɗora wa wannan nauyi, ta haɗa kai da Gwamnatin Jihar Legas da masarautar Akran ta Badagiri a shata iyakar kowane wurin tarihi, a wallafa a jaridar gwamnati, a hana gini a kewayensa, musamman hanyar yashi ta Gberefu. Ma'aikatar Ayyuka ta zauna da masana kafin ta tsayar da inda kwalta da mahaɗanta za su bi a ƙarshen Legas. Ma'aikatar da aka haɗe mata al'adu da yawon buɗe ido a 2024 ta ɗauki shigar da Badagiri jerin UNESCO a matsayin aiki mai wa'adi da kasafi, a kuma saki kuɗin. Iyalan da suka riƙe kayan tarihi tsawon zuriya su samu horo da tallafi, ba a ƙwace musu ba. Hukumar Kula da Hanyoyin Ruwa kuma ta tabbatar babu wanda ke shiga kwalekwale ba rigar kariya, a sa masu ceto a gaɓa, domin igiyar Atilantika ba ta san baƙo ba.

Dole kuma a raba wurin wasa da wurin tunani. Gaɓar Badagiri na da faɗin da zai ɗauki masu hawan doki da masu ƙwallo da masu gasa kifi. Ba sai an kafa lasifika a kan turbar da aka ja mutane a sarƙa ba. Baƙon da ya tsallako teku don ya tsaya inda aka rabu da kakanninsa ba kiɗa ya zo ji ba.

Ma'aikatan tarayya da hadiman masu riƙe da muƙamai suna da rawar takawa ta fuska biyu. Su ne ke rubuta takardun da minista zai sa wa hannu, su ne ke sanin layin kasafin da zai rayu da wanda zai mutu a cikin fayil. Su ne kuma ke da hutun shekara da sukan ƙarar a zaune, ko su kai kuɗinsa Dubai. Wanda ya kai iyalinsa Badagiri, ya bar 'ya'yansa suka ɗaga sarƙar nan da safe, suka yi wasa a rairayi da yamma, zai koma ofis da fahimtar da babu rahoton da zai ba shi, domin gani ya kori ji.

Hausawa na cewa tun ran gini ran zane. Hanya idan ta lalace ana sake ba da kwangilarta. Ɗakin da aka tsare bayi a ciki idan ya rushe, babu ɗan kwangilar da zai iya mayar da shi.